O Mai Kusurwa Takwas

Kakana Eliodoro bai yarda da da'ira ba.
Shekara arba'in yana yanka haruffa
a wani ɗan shago ƙarƙashin matakala a Valparaíso,
garin da ke gangarowa teku gwiwa-gwiwa,
kuma wuƙarsa ba ta taɓa shan kwana a hankali ba.

Kayan aikinsa ba yawa:
rula ta ƙarfe, katako mai kusurwa uku
da ya sha gumin hannu har ya yi baƙi,
sai kwali mai kauri, shafe da mai.

Ya ce O ba ƙwai ba ce.
Ya sare mata kafaɗu huɗu,
ta fito da kusurwa takwas kamar kan noti.
S ce ta ja masa rai, macijiya,
sai da ya karya ta gida biyar ta yarda ta tsaya.
A kuwa dama 'yar gida ce,
ƙafafu a buɗe, kai kamar rufin kwano.

Na ce, don me?
Ya ce, tsallaka titi.
Na tsallaka. Ya ɗaga kwalin sama.
Akwai hazon teku ranar, amma na karanta tsaf.
Ya ce, harafi mai lanƙwasa raɗa yake yi,
nawa na mutanen nesa ne.

Su ne kuwa ke zuwa.
Mai injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa,
da ke leƙen lambar akwati daga can sama.
Nibaldo ɗan dambe, da ke son sunansa
ya fara naushi tun daga jikin bango.
Ercilia mai kifi, wadda ta gaji da faɗin farashi,
ta ce a rubuta mata da abin da zai yi ihu a madadinta.
Kalma biyu, kalma uku, tsawon kamu guda.
In ta wuce haka sai ya ce a je wani shagon.

Ya sha yi wa kakata tsiya
cewa don sunanta ya aure ta, Zunilda,
Z da N da L, duk sanduna, ba wahalar yanka.
Ta rasu cikin sanyin Yuli.
Daren nan ya kunna fitila, ya yanka sunan,
ya shafa baƙin fenti, ya manna a ƙofa,
ya tsallaka titi kamar yadda ya koya mini.

Ya daɗe a tsaye.
Sunan ya fito kamar gargaɗin wutar lantarki,
kamar ita ma za ta kara da wani ranar Asabar.

Ya ɓalle takardar, ya ninke ta huɗu,
ya hau matakala tamanin zuwa wurin Baldomero,
maɗabin da ya shekara talatin yana yi wa dariya
wai haruffansa kamar bulullan miya suke.
Ya sayo ƙanana, masu zagaye, masu sanyin murya.
Baldomero bai karɓi kuɗi ba, bai kuma ce komai ba.

Yanzu kwalayen suna hannuna.
Na ɗora su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya,
har da Ñ, da ɗan rawaninta na sanda uku a karye.
Na gan su a rigar 'yan ƙwallo, a gwangwanin lemo,
a allon wani gidan rawa da zai tsana.
Ina gaya wa masu saye:
ku yi su manya, ku yi su kaɗan.
Wani ya buga dogon labari da su,
ya dawo yana murza ido, wai laifina ne.

A ƙasan akwatin akwai kwali guda da ban ɗora ba.
O ce, zagayayya, ya bi bakin kofin shayinta da fensir.
Wuƙar ta bi layin har rabi, tana rawa,
sai ta zame ta miƙe.
Bai ƙarasa ba. Bai kuma yar ba.